Kujerar gaba kyauta a jiragen da ke tashi daga Njamena: wa ake ba, kuma me katin fasinja ke saya maka

Kowane babban kamfanin jirgi da ke sauka a filin Hassan Djamous na Njamena yana da katin da yake ba fasinjojinsa na yau da kullum. Ethiopian yana da ShebaMiles, Turkish yana da Miles&Smiles, Air France yana da Flying Blue, EgyptAir yana da EgyptAir Plus, Royal Air Maroc kuma Safar Flyer. Rajista kyauta ce, kuma da yawa daga 'yan kasuwarmu masu zirga-zirgar Dubai, Guangzhou da Istanbul suna riƙe da aƙalla ɗaya. Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne burin wata rana a ɗauke su daga ikonomi a kai su bizines ba tare da sun ƙara ko dala ba, abin da ma'aikatan kanta ke kira surclassement. Ana samun haka, amma an zuzuta shi fiye da kima, har mutane na kashe kuɗi a kan abin da ba a yi musu alkawarinsa ba. A jiragen da muke hawa daga nan, kati ba ya ba ka haƙƙin kujerar gaba. Abin da yake yi shi ne ya sa sunanka a sama cikin wani jeri da ba kullum ake buɗe shi ba.

Asalin zancen daga Amurka yake. A can Delta, United da American suna da tsari rubutacce na ɗaga masu manyan katuna kyauta a tafiye-tafiyen cikin gida da wasu gajerun hanyoyi na maƙwabta, kuma kowane matakin kati, irin su Silver, Gold da Platinum, da lokacinsa. A Delta ana fara duba mai Platinum ko Diamond saura awa 120 jirgi ya tashi, mai Gold saura awa 72, mai Silver saura 24. A American, mai Executive Platinum yana shiga layi saura awa 100, mai Gold kuwa sai saura 24. In mutum biyu suka yi kunnen doki a mataki, sai a koma ga irin tikitin da kowa ya saya, da yawan abin da ya tara wa kamfanin, daga ƙarshe a duba wanda ya riga nema. Har jerin ake nunawa a allon bakin ƙofar shiga jirgi. Ko su ɗin, in za a tsallaka teku zuwa Turai ko Afirka, ba sa kai mutum kujera mai zama gado don kati kawai. Wanda ya dawo daga Amurka yana cewa kullum a gaba yake zama bai yi ƙarya ba, amma ƙa'idar can ce, ba ta hanyar Njamena zuwa Addis Ababa ba.

A nan, ɗagawar kyauta tana zuwa ne idan kamfani ya shiga matsi. Ɗauki Boeing 737-800 na Ethiopian, mai kujeru 16 a Cloud Nine, wato bizines ɗinsu, da 138 a ikonomi. Sashen farashi ya san daga tarihin hanyar cewa wasu za su sayi tikiti ba su zo ba, wasu kuma jirgin da zai haɗo su zai makara, don haka yakan sayar da fiye da kujerun da ke akwai. A ce an sayar da 143 a baya, a gaba kuma mutum 9 ne suka biya. Ranar tafiya mutum 141 suka bayyana. Uku ba su da wurin zama a baya, ga kujeru bakwai a gaba babu kowa. Barin fasinja a ƙasa yana jawo kuɗin otal, abinci, diyya da neman masa wani jirgi, matsar da shi gaba kuwa kusan ba ya cin komai. To mutum uku za a ɗaga, uku kacal. Sauran kujeru huɗun haka za su tashi, ko da akwai masu katin Gold goma a baya. Wannan yana ɓata wa mutane rai in sun wuce ta gaba sun ga wuri a buɗe, amma kamfani da gangan yake yi: in aka saba ba da kujerun da suka rage kyauta, waɗanda ke biyan ninki uku ko huɗu za su daina biya su jira rabo.

Akwai wasu dalilan, kamar a canza jirgi da wanda ikonominsa ya fi ƙanƙanta, ko kujerar wani ta lalace a baya babu inda za a mai da shi. Wani lokaci kuma wanda ka ga an kira daf da rufe ƙofa an ba shi gaba ma'aikacin kamfanin ne ko iyalinsa, masu tikitin jiran abin da ya rage. Ba layinku ɗaya ba.

Zaɓen yakan faru a lokuta uku. Na farko kwana ɗaya ko makamancin haka kafin tashi, sa'ad da masu tsara jirgin suka ga alƙaluma sun nuna baya zai cika ya tumbatsa, sai su matsar da 'yan mutane tun da wuri. Na biyu lokacin rufe kanta, wanda a tafiyar ƙasashen waje yakan kama saura awa ɗaya. Na uku a bakin ƙofa: ka miƙa katin shiga jirgi, na'ura ta yi ƙara, ma'aikaciya ta karɓe ta ba ka sabo mai lambar layi na biyu ko na uku. Mafi yawan ɗagawar gaskiya a nan take faruwa, domin sai an rufe kanta ake sanin adadin waɗanda suka zo.

A tashar mota, kamasho na iya ajiye gidan gaba ga wanda ya sani ko wanda ya fi cika ido. Mutane da wannan tunanin suke zuwa filin jirgi, shi ya sa za ka ji ana cewa a sa babbar riga mai aiki, a fesa turare, a gaisa da shugaban ma'aikatan kamfani. Jerin kuwa kwamfuta ce ke fitar da shi. Air France yana aiki da manhajar Amadeus, Ethiopian da ta Sabre, Turkish da tasa ta gida, kuma kowacce tana jera fasinjoji bisa darajar da kamfani ya ɗora musu tun kafin su baro gida. Kamfanoni ba sa wallafa ainihin lissafin, amma ginshiƙansa sanannu ne ga masu aikin. Farko matakin katinka a kamfanin da ke tuƙa jirgin. Bayansa masu babban kati na kamfanonin ƙawance. Sai harafin tikiti, mai tsada kafin mai arha. In jirgin yana da aji na tsakiya, kamar Premium na Air France, to tsani ake bi: na Premium ya tafi bizines, na ikonomi ya maye gurbinsa a Premium. Ethiopian da Turkish ba su da wannan aji, shi ya sa wanda aka ɗaga a jirginsu kai tsaye yake zuwa gaba.

Shugaban ma'aikatan kamfani a filin yana da ikon saɓa wa jerin, amma duk canjin aji yana shiga kwamfuta da lambar wanda ya yi shi, kuma ana bincike. Wanda ya tura wa yaron kanta na goro don ya ɗaga shi, aikin yaron yake sa wa a wuta. Roƙon da aka yi cikin ladabi ba laifi ba ne, sai dai amsar da za a ba ka kusan kullum ita ce farashin ranar.

Abubuwan da ke fitar da mutum daga jeri

Mutum zai iya kasancewa na farko a mataki amma a tsallake shi, kuma dalilan sun shafe mu sosai. Babba shi ne tafiya cikin ayari. In kai da uwargida da yara uku kuna kan lambar ajiya ɗaya, wato haruffa da lambobi shidan nan da ke saman takardar tikiti, kwamfuta tana ganin mutum biyar ne a haɗe. Mai neman kujera ɗaya ko biyu ba zai raba ku ba, zai wuce ga na ƙasa da kai da ke tafiya shi kaɗai. Ajans, wato ofishin da ke sayar maka da tikiti, na iya raba ajiyar, amma akwai illa: ranar da aka soke jirgi, ana iya sa kowa a jirgi daban. Mai tafiya da tsohuwa ko ƙananan yara bai kamata ya raba ba saboda kujerar da ba tabbas. Mai goyon jariri ma akan tsallake shi.

Tikitin rukuni, irin wanda masu shirya Umra ke saye gaba ɗaya, yana can ƙasan jeri, kuma sau da yawa mil ɗin da yake bayarwa, wato makin da kati ke tara maka a kan tafiya, kaɗan ne ko babu. Jiragen da ake ɗauko wa alhazai daga Garwa ko Njamena ba sa cikin wannan lissafi sam.

Sai abinci na musamman. Wanda ya nemi abincin Musulmi, mai alamar MOML a ajiyarsa, an shirya masa tire na ikonomi da sunansa, kuma wasu kamfanonin suna tsallake irinsa don kada a kai shi gaba a rasa abin ba shi. A Turkish, EgyptAir da Royal Air Maroc maganar ba ta taso ba, tunda abincinsu halal ne. Inda ta taso, kada kowa ya bar neman abincin da ya halatta gare shi don kwaɗayin kujera. Ciniki ne marar riba.

Abin da ya fi duka yawa kuma ya fi sauƙin gyara shi ne lambar kati ba ta cikin ajiyar. Yawancin mutanenmu ta ajans suke sayen tikiti, a biya da kuɗi hannu, a turo takarda ta WhatsApp. In ma'aikacin bai shigar da lambarka ba, ga kwamfuta kai da wanda bai taɓa hawa jirgi ba ɗaya kuke, ko da Platinum ke aljihunka. Nuna kati a bakin ƙofa ya makara, an riga an jera. Ka duba katin shiga jirgi: lambar da matakin su kan fito a jikinsa. Akwai kuma matsalar suna. Fasfo ya ce Mahamat, asusun kati ya ce Mohamed. Fasfo ya ce Ousmane, asusu ya ce Usman. Ko an juya sunan uba ya zama na farko. Ɗan bambanci irin wannan yana hana mil shiga, wani lokaci ya hana lambar manne wa ajiyar. A buɗe asusu da sunan da ke fasfo harafi da harafi, a kuma gyara shi duk lokacin da aka sabunta fasfo da wani rubutu.

Harafin tikiti

Mutum biyu na iya zama kafaɗa da kafaɗa a ikonomi, ɗaya ya biya kusan ninkin ɗaya. Bambancin yana cikin harafi guda da ke takardar tikiti, kusa da lambar jirgi, wanda kuma shi ne harafin farko na lambar farashi. Y cikakken kuɗin ikonomi ne, B da M suna biye a yawancin kamfanoni, J, C da D na bizines ne, sauran haruffa kuma kowane kamfani da yadda ya jera su har zuwa na garaɓasa. Wannan harafi yana yanke abu uku: yawan mil da za ka samu, ko za a yarda ka ɗaga kujera da mil, da matsayinka a jeri tsakanin masu kati irin naka.

Ga lissafin da ya kamata ɗan kasuwa ya yi. Njamena zuwa Addis kusan mil 1,600 ne, Addis zuwa Guangzhou kusan 5,000, zuwa da dawowa ke nan kimanin 13,200. A ShebaMiles, Silver yana buƙatar mil na mataki 25,000 a shekara, Gold 50,000, Platinum 100,000. Da tikitin da ke ba da cikakken mil, zuwa Sin sau biyu ya kai ka Silver, sau huɗu ya kai ka Gold. Da tikitin da ke ba da rabi, sai ka je sau takwas. Mai Dubai ta Addis yana samun kusan 6,400 a zuwa da dawowa, wato sau takwas da cikakken mil kafin Gold. Don haka kafin ka biya, ka tambayi ajans harafin, ka kuma tambayi kuɗin harafin da ke samansa. In bambancin kaɗan ne kuma yana ninka mil ɗinka, ya cancanta. In mai yawa ne, bar shi. Sayen Y don fatan a ɗaga ka kyauta asara ce tsantsa, domin rarar da ka biya sau da yawa ta isa ka sayi ɗagawar da kuɗinka ka huta.

Mil iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Na mataki shi ke kai ka Silver ko Gold, ba a kashe shi. Na kashewa shi ake sayen tikiti ko kujerar gaba da shi. Mai mil 90,000 na kashewa da ya tara cikin shekara uku zai iya kasancewa ba shi da wani mataki.

Yadda katunan suke a aikace

Ga mai yawan Asiya da Gabas ta Tsakiya, ShebaMiles ya fi dacewa, ba don ya fi kyauta ba, sai don jirgin da yake hawa ke nan, kuma a jirgin Ethiopian mai Gold na gida yana gaban mai Gold na ƙawance. Ethiopian ya shiga ƙawancen kamfanonin jirgi na Star Alliance a 2011, Turkish da EgyptAir tun 2008, saboda haka duk tafiyar da ka yi a ukun za ka iya zuba ta a kati ɗaya. Wannan shi ne abin da mutane suka fi sakaci da shi: kati uku a jaka, kowanne da ɗan mil, babu wanda ya kai ko'ina. Rauninsa shi ne Silver ba ya tsinana abin kirki a sauran kamfanonin ƙawancen, illa fifiko a jerin masu jiran gurbi. Sai an kai Gold ake ganin amfani: kantar bizines, shiga jirgi da wuri, ɗakin hutu a filin Bole na Addis tare da baƙo ɗaya da kuke jirgi ɗaya, da ƙarin akwati ɗaya, ko kilo 20 a hanyoyin da ake auna nauyi. Ga mai ɗauko samfurin kaya daga Guangzhou, wannan akwatin da ake ba shi a kowace tafiya ya fi ɗagawar da watakila sau ɗaya zai gani a shekara.

Miles&Smiles ya fi saurin kai mutum Gold na ƙawance. Classic Plus mil 25,000 ne cikin wata 12, Elite 40,000, Elite Plus 80,000, kuma Elite daidai yake da Gold a duk Star Alliance, katin yana yin shekara biyu. Wato mai hawa Ethiopian da Turkish a gauraye zai kai ga ɗakin hutu da ƙarin akwati da mil 10,000 ƙasa da abin da ShebaMiles ke nema. A Elite Plus akwai ɗagawa a rubuce, sau biyu a shekara a jiragen Turkish, ita ma sai in akwai gurbin da aka ware. Illarsa biyu: a jirgin Ethiopian kai baƙo ne a jeri, kuma mil ɗin kashewa yana mutuwa bayan shekara uku.

Flying Blue ya fi kowa bayyana lissafinsa, ya kuma fi tsauri ga mai ikonomi. Tun 2018 mataki da maki XP ake samunsa: 100 don Silver, 180 don Gold, 300 don Platinum, kuma in ka kai mataki ana cire abin da ya ci ka fara tara na gaba. Njamena zuwa Paris tana cikin rukunin mil 2,000 zuwa 3,500, mai ba da XP 8 a ikonomi, 16 a Premium, 24 a bizines. Zuwa da dawowa sau bakwai a ikonomi kafin Silver, daga nan, da rarar da ta rage, sau goma sha ɗaya cikin wata 12 kafin Gold. Mai bizines sau huɗu ya ishe shi wannan tsallen na biyu. Mil ɗin kashewa kuwa da kuɗin da ka biya ake auna shi, huɗu a kan kowane yuro ga sabon shiga, ban da harajin gwamnati; tikitin da ainihin kuɗinsa ya kai sefa 655,957, wato yuro 1,000, mil 4,000 ne kawai. Ga kuma gaban jirgin Paris da ke cika da ma'aikatan kamfanonin mai, na ƙungiyoyin agaji da jami'an gwamnati, waɗanda ofisoshinsu ke biya musu kuma suke riƙe da manyan katuna. Ɗalibi ko mai zuwa asibiti sau ɗaya a shekara ya yi rajista don mil, amma kada ya sa rai da kujera.

Safar Flyer na Royal Air Maroc yana cikin wani ƙawancen daban, oneworld, tun 2020, yana da amfani ga mai yawan Casablanca, amma abin da ka tara a can ba ya haɗuwa da na Addis ko Istanbul. Kamfanin jirgin ASKY, duk da Ethiopian yana da hannun jari a ciki, ba ɗan Star Alliance ba ne, don haka Elite na Turkish ba ya buɗe maka komai a jirginsa. Ka kuma lura da jirgin da lambarsa ta wani kamfani ce amma wani ke tuƙawa: mai tuƙawa ne ke yanke wanda za a ɗaga.

Mutanen Garwa, Marwa da Gaundare suna da ƙarin matsala. Camair-Co, kamfanin jirgin Kamaru, ba ya cikin kowane ƙawance, saboda haka tafiyar zuwa Duwala ko Yawunde ba ta ƙara komai a waɗannan katuna, kuma galibi tikiti daban ce. In jirgin cikin gida ya makara ka iso kantar babban jirgi a ƙurarren lokaci, ba maganar gaba ake ba, taka ta baya ma tana cikin haɗari a ranar da aka sayar da fiye da kima. Na Kusuri da ke tsallaka gadar Ngeli su hau a Njamena su ma su ba wa iyaka lokacinta. Yin rajistar shiga jirgi ta waya da zarar an buɗe, saura awa 30 a Air France, saura 24 a Turkish, yana kare kujerarka, yana kuma ba ka damar ganin ko lambar katinka ta shiga tun akwai lokacin gyara.

In kana son gaba da gaske

Hanyar da ta tabbata ita ce biya, da mil ko da kuɗi. Ɗagawa da mil tana buƙatar harafin da aka yarda da shi da kuma gurbin da kamfani ya ware don haka, wanda ya bambanta da kujerun da ake sayarwa. Bizines na iya zama rabi babu kowa a ce maka babu gurbi. In mil ɗin kati ɗaya za ka kashe a jirgin wani kamfanin Star Alliance, galibi sai tikitinka Y ne ko B. A nemi wannan tun ranar sayen tikiti, a sake dubawa saura kwana biyu ko uku, lokacin da akan saki kujerun da ba su sayu ba.

Akwai kuma tayi. Ethiopian da wasu kamfanoni suna aiko da saƙon imel kwanaki kafin tafiya, ka sa abin da za ka iya biya tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi yawa da suka ƙayyade, ba a cire kuɗin sai an karɓi tayinka. Tayin na kowane zango ne kuma na kowane mutum a ajiyar, don haka abin da ka rubuta zai ninku da yawanku. Abu biyu ke lalata shi a wajenmu. Ajans ya sa adireshin imel ɗinsa maimakon naka, saƙon ya tafi can ba ka sani ba. Ko katin bankinka ya ƙi biya a ranar da aka karɓi tayin, saboda iyakar da aka sa wa biyan kuɗi ta intanet zuwa waje a ƙasashen da ke ƙarƙashin BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, sai a wuce ga na bayanka. Air France da Turkish kuma suna nuna tsayayyen farashi lokacin rajistar shiga jirgi ko a kanta, in akwai wuri.

Zangon da za ka kashe wa kuɗi shi ne abin dubawa. Njamena zuwa Addis bai kai awa huɗu ba, kuma in ƙaramin jirgi ne irin 737, kujerar gaba faɗi kawai ta fi da ɗan kishingiɗa. Addis zuwa Guangzhou kusan awa goma ne ko fi, a babban jirgi irin 787, mai kujeru 24 a gaba da ake miƙe ƙafa a kwanta. Raba kuɗin da awannin: a ce sefa 300,000 aka nema, a awa goma 30,000 ke nan kowace awa, ka sauka da barcinka ka shiga kasuwa. Rabin wannan kuɗi a gajeren zango ya fi tsada in aka auna. A duba irin jirgin kafin a biya, domin ana canzawa.

Lokutan da baya ke cika, kamar Umrar azumi, baje kolin Canton na Afrilu da Oktoba, komawar ɗalibai a ƙarshen Agusta da Satumba, su ne ranakun da mai Gold da ke tafiya shi kaɗai yake da rabo mafi girma. In an ɗaga ka, abin da ka samu kujera ce da abinci. Mil ɗinka na harafin da ka saya ne, kuma kayanka an riga an auna su da ma'aunin ikonomi, ba za a mai da maka kuɗin ƙarin kaya ba.

Wannan cikowar tana da ɗaya fuskar. Ranar da gaba ma ta cika, mutane ake bari a ƙasa, ko a sauko da wanda ya biya bizines, kuma daga ƙasan jerin nan ake farawa: marar kati, mai tikiti mafi arha, wanda ya zo a makare. A jirgin Air France tsakanin Njamena da Paris dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 tana aiki. Tunda tafiyar ta haura kilomita 3,500, wanda aka hana shiga ba da yardarsa ba yana da diyyar yuro 600, kimanin sefa 393,500, wadda za a iya rage ta zuwa rabi in jirgin da aka sa shi ya isa da jinkirin da bai wuce awa huɗu ba. Wanda aka sauko da shi aji kuwa ana mai da masa kashi 75 cikin ɗari na kuɗin wannan zangon. Ko diyya za ka nema ko mil da bai shiga ba, abu biyu za a tambaye ka: katin shiga jirgi da lambar tikiti mai lamba 13, wadda ke farawa da 071 a Ethiopian, 235 a Turkish, 057 a Air France, 077 a EgyptAir, 147 a Royal Air Maroc. Ka ɗauki hotonsu kafin ka shiga jirgi, ka duba asusunka mako biyu bayan dawowa, domin wa'adin neman mil da ya ɓace watanni ne ƙidayayyu.